Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Hukuma?

Na taɓa zuwa wani ofishin gwamnati har sau huɗu a kan takarda guda ɗaya. Ranar farko aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Rana ta biyu aka ce hoton da na kawo ba irinsa ake so ba, alhali babu inda aka rubuta irin wanda ake so. Rana ta uku fam ya ƙare. A duk waɗannan ranakun akwai wani ƙaton littafi mai baƙin bango a kan teburin bakin ƙofa, an ɗaure biro da zare a jikinsa, duk wanda ya shigo sai ya rubuta sunansa da abin da ya kawo shi, sannan ya sa hannu. A rana ta huɗu, ina cikin rubuta sunana, na tambayi akawun da ke zaune ko mene ne amfanin littafin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da shi muke haɗa rahoton wata, a ga yawan mutanen da muka saurara." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da aka ce ya ƙirga shi yake ƙirgawa. Amma na fito ina juya maganar a raina. A rahotonsu ni mutum huɗu ne da aka saurara, a wurina kuwa kwana uku ne suka tafi a banza. Da sun sallame ni tun ranar farko, da adadin wannan watan ya ragu da uku, wato da sun gyara aikinsu, da rahotonsu ya nuna sun ja baya.

Tun daga ranar nake ganin cewa babbar tambaya ga duk wanda aka ɗora wa shugabancin wata ma'aikata ko hukuma ko asibiti ko makarantar gwamnati ita ce: da wane mudu ake auna aikinsa, kuma a hannun wa mudun yake? Ra'ayina shi ne, amfanin aikin hukuma a rayuwar wanda aka yi aikin dominsa ake ganinsa, bayan an watse daga bikin buɗewa, kuma duk mudun da bai je can ya aunato ba, yana iya cika fal alhali mutane sun koma gida hannu Rabbana.

Mai kamfani ya fi samun sauƙi ta wannan fuskar. Idan kayansa sun yi kyau mutane za su saya da kuɗinsu bisa son ransu, kuma a ƙarshen shekara riba ko faɗuwa za ta gaya masa ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daraktan hukumar ruwa ko shugaban 'yan kwana-kwana ba shi da wannan madubin. Kuɗin da yake kashewa haraji ne, wanda ba da zaɓi ake biyansa ba, kuma yawancin masu zuwa wurinsa ba su da wani wurin zuwa idan ya ɓata musu rai. Saboda haka cikar ofishinsa da mutane ba ta nuna ana son aikinsa, kamar yadda ƙarewar kuɗin kasafinsa ba ta nuna an yi wani abin kirki da su. Sai dai kuma waɗannan biyun, yawan waɗanda aka saurara da yawan abin da aka kashe, su ne suka fi sauƙin ƙirgawa, shi ya sa suka cika rahotannin shekara a ƙasashe masu arziki da matalauta baki ɗaya.

Wani malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, Mark Moore, ya fitar da littafi a 1995 a kan wannan matsalar. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, kamar yadda manajan kamfani yake da alhakin samar wa masu hannun jari riba, haka jami'in gwamnati yake da alhakin samar wa jama'a amfani, kuma kafin ya ɗauki wani mataki dole ya amsa tambayoyi uku a lokaci guda. Shin abin nan zai ƙari mutane da wani abu na gaske? Shin masu hurumin ba da izini da kuɗi, wato zaɓaɓɓun wakilai da doka da su kansu jama'ar, sun yarda kuma za su ci gaba da mara masa baya? Shin akwai ma'aikata da kayan aiki da tsarin da za su iya ɗaukar nauyin? Kamar duwatsun murhu suke, idan aka cire ɗaya tukunya ba ta zama. Na ga jami'ai masu kyakkyawar niyya da suka riƙe ta farko suka manta da ta biyu, sabuwar gwamnati na zuwa aka share aikinsu, amma waɗanda suka ƙware a ta biyun kaɗai, suka iya faranta wa na sama rai, sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanin Moore shi ne cewa gwamnati abu biyu take kashewa, kuɗi da iko. Duk lokacin da hukuma ta ci tarar wani, ko ta rufe masa wurin sana'a, ko ta tilasta masa tsayawa a layi ya cike fam, ta ɗebo ne daga wani rumbu na jama'a, wato 'yancinsu da lokacinsu, kuma wajibi ne a rubuta wannan a ɓangaren abin da aka kashe. Malaman fiƙihu sun daɗe da ƙa'ida mai kama da wannan, cewa duk tasarrufin da shugaba zai yi a kan talakawansa yana rataye ne da maslaharsu. Idan aka fahimci haka, adalci ya shiga cikin lissafin tun daga tushe ke nan. Ƙasar Holan ta ɗanɗana kuɗarta a kan mantawa da wannan. Hukumar harajinta, cikin ƙoƙarin toshe zamba a tallafin kula da yara, ta shafe shekaru tana zargin dubban iyaye da damfara a kan ƙananan kurakurai na cike takarda, tana tilasta musu mayar da dukan kuɗin da suka karɓa, har tana ɗaukar kasancewar mutum ɗan ƙasa biyu a matsayin dalilin sa masa ido. A rahoton hukumar, kuɗin gwamnati ake ta ƙwatowa. A gidaje kuwa iyalai sun afka cikin bashi, wasu sun rasa muhalli, wasu aurensu ya mutu. Bayan kwamitin majalisa ya fitar da rahotonsa a Disambar 2020, sai da gwamnatin Firaminista Mark Rutte gaba ɗayanta ta yi murabus a Janairun 2021.

Wannan ne ma ya sa ba na jin daɗin yadda wasu hukumomi ke kiran 'yan ƙasa kwastomomi. Niyyar mai kyau ce, so ake ma'aikaci ya sakar wa mutane fuska. Amma fursuna ba kwastoman gidan yari ba ne, kuma mai masana'antar da aka hana zuba guba a kogi ba zai taɓa cewa ya gamsu ba, alhali hanawar ita ce amfanin da dubban masu shan ruwan kogin suka samu ba tare da sun taɓa taka ofishin ba. Ɗan ƙasa shi ne mai hukumar tun kafin ya zo neman biyan buƙata a wurinta, kuma yana da ta cewa a kan yadda aka bi da maƙwabcinsa ko da shi an sallame shi cikin minti biyar.

To, yaya ake samar da amfanin? Misalin da na fi komawa gare shi shi ne na hukumar ruwan Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. A 1993, bayan shekarun yaƙi da mulkin kama-karya na ƙungiyar Khmer Rouge sun ragargaza komai, aka naɗa wani injiniya mai suna Ek Sonn Chan ya shugabance ta. Ya tarar kashi 72 cikin 100 na ruwan da ake tacewa yana salwanta, wani ta fasassun bututu, wani ta haɗin sata, wanda sau da yawa ma'aikatan hukumar ne da kansu suke yi wa mutane. Ruwan kan zo na kimanin awa 10 a rana, kuma inda yake kaiwa bai wuce rubu'in birnin ba. Da tantance masu shan ruwa ya fara. Ya tura ma'aikata gida-gida, domin rajistar da ya gada cike take da sunayen waɗanda ba su da famfo, ta kuma rasa sunayen dubban masu famfo. Sannan ya sa mita, ya kafa ayarin gyara da ke fita dare da rana, ya ɗaga matasa masu ilimi sama da waɗanda suka riga su shiga aiki amma suka saba da cin hanci, ya kyautata albashi, ya hukunta wanda aka kama. Abin da ya fi wuya shi ne sa manya su biya, wato manyan jami'ai da hafsoshin soja da ba su saba ganin takardar kuɗin ruwa ba, har ta kai ana yanke wa wanda ya ƙi.

A 1996 aka ba hukumar 'yancin tafiyar da kanta, a 1997 ta ƙara kuɗin ruwa, amma sai bayan mutane sun fara ganin canji, kuma ta tsara kuɗin yadda mai shan kaɗan zai biya kaɗan, daga baya ta rangwanta wa matalauta kuɗin haɗa famfo. Waɗannan matalautan a da wurin 'yan ga-ruwa suke saye da ninkin-ba-ninkin farashin hukuma. Kafin 2010 asarar ruwan ta sauko zuwa kusan kashi 6 cikin 100, ruwa na zuwa awa 24, ya kuma kai kimanin kashi 90 cikin 100 na birnin. Gaskiya ne an samu tallafi daga Japan da Faransa da Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya, amma birane da yawa sun samu irin wannan tallafin ba su tsinana komai ba. Abin lura a nan shi ne mudun da mutumin ya riƙe: yawan ruwan da ya isa famfon mutum aka kuma biya kuɗinsa. Mudu ne da ba a iya cika shi daga kan tebur, dole sai an tona ƙasa an toshe ɓarakar bututun, kuma matar da ta murɗa famfo da asuba ta riga darakta sanin ko rahoton gaskiya ne ko ƙarya.

Ba kowane ma'auni ne yake da wannan albarkar ba. Daga shekarun 1980 wani sabon salo ya shigo harkar mulki, musamman a Birtaniya zamanin Margaret Thatcher da kuma New Zealand, cewa a tafiyar da ma'aikatu kamar kamfanoni: a sa wa kowace hukuma adadin da za ta cim ma, a auna, a saka wa wanda ya cika, a hukunta wanda ya gaza. Amurka ta yi doka a 1993 da ta wajabta wa hukumomin tarayya tsara manufofi da kawo rahoton sakamako, daga nan salon ya bi masu ba da rance da tallafi ya zagaye duniya. Amma tun a 1975 wani masanin tattalin arziki a Babban Bankin Ingila, Charles Goodhart, ya lura da abin da daga baya aka sa wa sunansa, cewa duk alƙaluman da aka mayar abin matsa wa mutane lamba, sai su daina faɗin gaskiyar da suke faɗa a da. Turawan Faransa sun gani da idonsu a birnin Hanoi na Vietnam a 1902, lokacin da suka sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa dubu-dubu, sai ga ɓeraye marasa wutsiya na yawo a gari, domin mai kamu ya gane cewa idan ya saki ɓeran zai haifa masa wasu, har aka samu masu kiwon ɓeraye a bayan gari.

Idan irin wannan ya shiga asibiti, rai ake magana. A Birtaniya, gwamnatin Tony Blair ta ƙayyade cewa kowa ya samu ganin likitan unguwa cikin awa 48. Wasu wuraren suka cika ƙa'idar ta hanyar daina ba kowa ranar da ta wuce kwana biyu, har a yaƙin zaɓen 2005 wata mata ta gaya wa Blair a shirin talabijin cewa likita ya ce a dawo da ɗanta bayan mako guda amma an hana ta kama ranar, shi kuma ya nuna bai taɓa jin haka ba. An kuma sa iyakar awa 4 a sashen gaggawa, sai aka samu wuraren da ake barin majinyaci cikin motar asibiti a bakin ƙofa, tunda agogo ba ya fara lissafi sai an shigo da shi. A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta sa kwana 14 a matsayin iyakar jiran ganin likita, ta kuma haɗa shi da ladan ƙarshen shekara da ake ba manajoji. A 2014 aka gano cewa a asibitinta na birnin Phoenix akwai kimanin tsofaffin sojoji 1,700 da ke jira ba tare da an sa sunansu a jerin hukuma ba, domin kada jerin ya yi muni. Sakataren ma'aikatar, Eric Shinseki, ya sauka a watan Mayun shekarar. Ina kyautata zaton yawancin waɗanda suka yi waɗannan abubuwan ba azzalumai ba ne tun asali. Mutane ne da aka gaya musu cewa ƙarin girmansu da abincin iyalinsu na rataye da lamba ɗaya, ba a kuma ba su likitoci da gadajen da za su cika lambar da gaskiya ba.

Akwai masu jin irin waɗannan labaran su ce to a bar aunawa gaba ɗaya, a ƙyale ƙwararru su yi aikinsu. Ban yarda da su ba. A ƙarshen shekarun 1990 ba abin mamaki ba ne mutum ya shekara yana jiran tiyata a Ingila, kuma waɗannan ƙa'idojin da ake kuka da su, haɗe da ƙarin kuɗi, sun rage jiran ƙwarai, har zuwa 2008 mafi yawan marasa lafiya na samun magani cikin mako 18. Ƙyale hukuma ba awo ba ya mayar da ita mai adalci, ɓoye wahalar da take ba mutane kawai yake yi, kuma mai rauni ne yake fara shan wahalar, domin mai hanya ya san wanda zai buga wa waya. Matsayin alƙaluma a wurina shi ne matsayin mai ba da shaida a gaban alƙali: ana saurarensa, ana yi masa tambayoyi, ana neman na biyu ya gaskata shi, amma ba a miƙa masa kujerar yanke hukunci. Kuma muddin ma'aikatar da za a yaba wa ko a hukunta ita ce ke tattara adadin, ita ke adana shi, ita ke bayyana shi, to an ba kura ajiyar nama.

Shi ya sa nake ganin ya kamata mudun ya koma hannun wanda ake yi wa awo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Yuganda, a 1996, an yi wani bincike da ya bi sawun kuɗin da gwamnati ke ware wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai, tun daga baitulmali har ofishin hedimasta. Aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kacal ke isa makarantun, sauran na maƙalewa a hannun jami'an gundumomi da 'yan siyasa, kuma makarantu da yawa ba su ga ko sisi ba. A littattafan ma'aikatar kuɗi kuwa an tura kuɗin. Gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Da aka sake binciken aka duba shekarar 2001, abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100. Ba jarida kaɗai ta yi wannan aikin ba, domin an yi wasu gyare-gyaren a lokacin, amma an ga cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun ƙari. Hedimastan da ya san abin da aka turo masa, da uban da ya karanta takardar a bango, sun zama masu binciken kuɗi da ba a biyan su albashi.

Sai dai duk wannan bai kai ga abin da ya fi damuna ba, wato ɗorewa. Samar da abu yana da biki, yana da hoto, yana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe. Riƙe shi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a gayyatar 'yan jarida ranar da aka canza wa janareta baƙin mai, ko aka yashe magudana kafin ruwa ya sauka, ko aka duba firjin ajiyar allurar rigakafi aka rubuta sanyinsa safe da yamma, alhali idan firjin nan ya mutu ba wanda ya lura, yaran da za a yi wa allurar za su shiga rahoto a matsayin waɗanda aka yi wa rigakafi, jikinsu kuwa ƙila babu kariyar. Tsarin kasafi a ƙasashe da yawa yana ƙara dagula lamarin, domin kuɗin sababbin ayyuka na da masu kare shi a majalisa, kuɗin gyara da kulawa kuwa shi ake fara yankewa idan aka shiga matsi. Wani bincike da wani masani mai suna Martin Williams ya yi a kan ayyuka sama da 14,000 na ƙananan hukumomin Gana ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa kammala su ba, kuma babban dalilin shi ne kowane ɓangare na son a fara sabon aiki a yankinsa kafin a gama wanda ke ƙasa. Ajin da aka kai linta aka bari ba rabin amfani yake bayarwa ba, babu yaron da zai zauna a ciki, ga kuma kuɗin sun tafi.

Birnin Flint na jihar Michigan a Amurka ya nuna inda tsimin da ba a duba gobensa ba yake kaiwa. A Afrilun 2014, lokacin da birnin ke ƙarƙashin manajan gaggawa da jiha ta naɗa saboda matsin kuɗi, aka daina sayen ruwa daga birnin Detroit aka koma ɗiba daga kogin Flint domin a rage kashe kuɗi, amma ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya yi ta zaizaye tsofaffin bututun yana kwaso gubar dalma zuwa gidaje, a garin da ke da mutum kusan 100,000. Mazauna suka yi ta zuwa taro da kwalabe cike da ruwa mai launin tsatsa, ana gaya musu gwaji ya nuna ba matsala. A Oktoban 2014 masana'antar kamfanin motoci na General Motors da ke birnin ta daina amfani da ruwan saboda yana cin ƙarafan injinan da take ƙerawa, amma mutane suka ci gaba da sha har kusan shekara guda bayan haka. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yara a Satumbar 2015, sannan aka mayar da birnin kan ruwan Detroit a watan da ya biyo baya. Diyyar da kotu ta amince da ita a 2021 ta kai dala miliyan 626, mafi yawanta daga asusun jihar, ban da kuɗin canza bututu, ban da abin da ba ya biyuwa, wato lafiyar yaran da kuma yardar mutanen. Kwalbar da ke hannun mazaunin nan ita ce ma'auni mafi inganci da birnin ke da shi a lokacin, kuma kyauta aka kawo ta har gaban jami'ai.

Da gangan na ambaci yarda, domin inda mutane suka yarda da hukuma suna biyan haraji ba sai an bi su ba, suna kawo yara rigakafi, suna fitowa ba da shaida, inda kuwa suka daina yarda kowane aiki sai ya ci ninkin kuɗinsa. Mafi yawan abin da ke gina ta ba ya shiga rahoto, tunda ba a ƙirga gobarar da ba ta tashi ba, ko gadar da ba ta rufta ba saboda wani injiniya ya dage a rufe ta a gyara. Dole shugaba ya koyi yadda zai fahimtar da majalisa da jama'a darajar waɗannan abubuwa tun suna tsaye, in ba haka ba za a yanke kuɗinsu, kuma ba zai iya wanke kansa ba, domin neman goyon baya na cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Da za a tambaye ni gyara ɗaya da za a fara da shi, zan ce a canza ranar da ake yin awo. Duk aikin da aka buɗe, a koma masa bayan shekara uku ba tare da sanarwa ba, kuma masu zuwan kada su kasance ƙarƙashin wanda ya yi aikin. Su murɗa famfon su ga ko ruwa zai zo, su ƙirga malaman da ke cikin aji a ranar, su buɗe firjin, su tambayi mutum goma na farko da suka tarar a layi sau nawa suka zo a kan buƙatar da ta kawo su. A buga abin da aka samu da sunan hukumar da sunan wanda ke shugabantarta lokacin da aka yi aikin, ko da an riga an mayar da shi wata ma'aikatar, kuma a ɗauko wannan takardar ranar da za a yi masa ƙarin girma. Shi kuwa littafin nan mai baƙin bango, ba na so a jefar da shi. Layi biyu nake so a ƙara ja masa da rula a gefen dama, a rubuta a saman ɗaya "zuwa na nawa ke nan", a saman ɗayan kuma "an biya buƙata ko ba a biya ba". Akawun zai kula da su da zuciya ɗaya kamar yadda yake kula da sauran, sai darakta ya zauna ya karanta a ƙarshen wata.